An Yafe Wa Ubangida, An Bar Bara Da Tsintsiya

A cikin shekarar 1964 kamfanin Marvel na birnin New York, a ƙasar Amurka, ya fitar da lamba ta 4 ta mujallarsa mai suna X-Men, mai ɗauke da kwanan watan Maris. Irin mujallun nan ce da ake ba da labari da zane, hoto na bin hoto, maganar kowa kuwa a rubuce cikin wani ɗan kewaye bisa kansa. Kwabo 12 na kuɗin Amurka ake sayar da ita, yawancin masu saye kuma yara ne 'yan makaranta. A cikinta ne aka fara ganin wani gajeren mutum mai doro, mai faɗin baki, sanye da tufafi irin na wawan sarki a Turai ta zamanin da, yana tsugune kusa da ƙafar ubangidansa. Sunansa Toad, watau Kwaɗo. Yau shekara 60 da 'yan kai ke nan ana zana shi. Mutum biyun da suka ƙago shi sun riga sun mutu, Jack Kirby mai zane a 1994, Stan Lee marubuci a 2018. Marubuta da yawa sun karɓi labarin sun wuce, amma Kwaɗo bai taɓa samun wanda ya ɗaga shi daga ƙasa ya bar shi a tsaye ba. Ubangidan nasa kuwa, wanda laifinsa ya fi na Kwaɗo nesa ba kusa ba, tuni aka wanke shi. Yadda haka ta faru shi ne abin dubawa a wannan fili a makon nan.

Domin wanda bai saba da waɗannan mujallu ba, sai an ɗan koma baya. Lee da Kirby sun fara X-Men a watan Satumba na 1963. Kafin nan, duk jarumin da aka ƙago a kamfanin sai an nemo masa dalilin da ya sa ya sami ƙarfinsa, wannan gizo-gizo ya cije shi, wancan hasken bom ya taɓa shi. Lee ya sha faɗi daga baya cewa gajiya ya yi da neman dalilai, shi ya sa ya ce to, waɗannan haka aka haife su. Wani abu ne ya sauya a cikin ƙwayar halittarsu, wanda galibi ba ya bayyana sai sun fara balaga. Sa'an nan wani ya tsiro da fukafukai, wani idonsa ya riƙa fitar da haske mai rusa bango, wani ya riƙa jin abin da ke cikin zukatan mutane. Su ake kira masu sauyin halitta. Sauran jama'a na tsoronsu, suna kuma ƙyamarsu, daga nan su ma suka rabu gida biyu. Wani malami mai suna Charles Xavier, wanda a keken guragu yake zaune, ya buɗe makaranta a gundumar Westchester ta jihar New York, yana horar da matasansu su kare mutanen da ke ƙinsu. Magneto kuwa, mai iko a kan duk abin da aka ƙera da ƙarfe, ya ce ba a roƙon wanda ka fi ƙarfi, mallakarsa ake yi. An fara wannan labari a daidai lokacin da baƙaƙen fatar Amurka ke fafutukar neman 'yancinsu, don kuwa a watan Agusta na 1963 aka yi babban gangamin birnin Washington, a watan Yuli na 1964 kuma aka sa hannu a dokar 'yancin jama'a. Shi ya sa masu karatu da dama suka riƙa kallon labarin da wannan ido.

A lamba ta 4 ɗin nan Magneto ya fito da jama'arsa mutum huɗu, waɗanda suka kira kansu 'Yan'uwantakar Miyagun Masu Sauyin Halitta. Mai karatu zai yi dariya, don babu ƙungiyar da ke raɗa wa kanta sunan mugunta, amma haka ake rubutu domin yara a wancan zamani. Akwai Mastermind, mai rufa-ido, wanda yakan sa mutum ya ga abin da babu. Akwai tagwaye, Quicksilver mai gudun da ido ba ya kamawa, da 'yar'uwarsa Scarlet Witch, watau Wanda, mai karkatar da sa'a. Waɗannan biyu ba don so suke bin Magneto ba, bashi suke biya, don shi ya ceci Wanda daga hannun mutanen wani ƙauye da suka taso mata. Na huɗun shi ne Kwaɗo, wanda duk abin da aka ba shi tsalle ne. Ƙafafunsa na da ƙarfi, yana iya tsallake kan mutane, shi ke nan. A wannan fitowa suka ci wata ƙaramar ƙasa ta ƙage a Kudancin Amurka mai suna Santo Marco, da rundunar sojojin bogi da Mastermind ya nuna wa mutanen ƙasar. Da abin ya ɓaci, Magneto ya ɗana bom na nukiliya domin ya hallaka ƙasar da mutanenta, Quicksilver ne ya kwance shi. Kwaɗo kuwa aikinsa yabon ubangida, da kai ƙarar abokan tafiya, da shan zagi. Tun a teburin cin abinci aka fara yi masa ba'a a kan yadda yake ci.

Sunan ma da gayya aka raɗa shi. A ƙasar Ingila, cikin ƙarni na 17, mutane sun ɗauka naman kwaɗo guba ne. Masu tallar maganin ƙarya a kasuwanni sukan yi yawo da yaro, a tara jama'a, yaron ya ci kwaɗo ko ya yi kamar ya ci, ya faɗi yana shure-shure, sa'an nan maigidan ya ɗura masa magani ya miƙe garau, ciniki ya buɗe. Turawa suka riƙa kiran irin wannan yaro mai cin kwaɗo, har daga baya aka gajarce kalmar ta koma "toady", ma'anarta ɗan fadanci, mai lasar takalmin babba. Duk Ba'amurken da ya ga sunan Toad a 1964, wannan kalma ce za ta fara faɗo masa. Watau tun kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci. Abin da aka manta a cikin tarihin kalmar shi ne, a kasuwar nan maigida ke kwashe kuɗin, yaron kuwa shi ke haɗiye kwaɗon.

Akwai kuma dokar da ta ɗaure hannun marubuta. A 1954, bayan wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya yi ta kururuwar cewa mujallun zane na lalata tarbiyyar yara, har wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan maganar, kamfanonin da kansu suka kafa hukumar tace abin da suke bugawa. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa dole nagarta ta rinjayi mugunta a kowane labari, kuma kada a nuna mai laifi ta hanyar da za ta sa a tausaya masa. Sai a 1971 aka sassauta. Saboda haka a shekarun farko ba Magneto ba, ba Kwaɗo ba, babu wanda aka tambayi dalilinsa. Dukansu miyagu ne kawai, ɗaya mai tsawa, ɗaya mai rawar jiki.

Duk da haka, a lamba ta 5 ta watan Mayu na 1964, akwai wani wuri da ya fi ƙarfin abin da marubutan suka yi niyya. Magneto ya tura Kwaɗo cikin ɓad-da-kama ya shiga gasar guje-guje da tsalle-tsalle da ake nunawa a talabijin, domin ya jawo hankalin ɗaliban Xavier. Kwaɗo ya yi tsallen da ɗan Adam ba ya iyawa, ya cinye gasa. Maimakon tafi, sai 'yan kallo suka harzuƙa, suka ce maguɗi ne, suka yi masa ca za su lakaɗa masa duka, sai da 'yan X-Men suka zo suka fitar da shi. Tarko ne, gaskiya, kuma ya kama, don a ƙarshe an sace ɗaya daga cikinsu. Amma fushin taron nan ba na wasa ba ne. Wannan yana cikin wuraren farko da mujallar ta zana ƙiyayyar jama'a ga masu sauyin halitta ƙuru-ƙuru, kuma wanda aka zana a tsakiyar taron, ana nuna shi da yatsa, Kwaɗo ne. Ɗaliban Xavier kusan dukansu kyawawa ne. Mai fukafukai yakan ɗaure su ƙarƙashin riga ya shiga gari, mai hasken ido yakan sa tabarau. Kwaɗo ba shi da rigar da za ta ɓoye doronsa. In akwai wanda ya san zafin ƙyamar da labarin ke magana a kai, shi ne, ga shi kuwa shi aka mayar abin dariya.

A 1965, a lamba ta 11, wani baƙo daga wata duniya da ake kira Stranger ya kwashe Magneto da Kwaɗo ya tafi da su can inda yake tara halittu domin bincike. A shekarar ce tagwayen nan suka tuba, aka karɓe su cikin ƙungiyar jarumai ta Avengers, ba tare da an tsawaita tambaya ba. Magneto ya sami wani tsohon jirgin sararin sama ya gyara, ya gudo, ya bar baransa a can. Aka sake kama shi aka mayar, Kwaɗo ya ci gaba da yi masa hidima kamar babu abin da ya faru. Sai a ƙarshen 1967 suka dawo duniya tare.

Tura ta kai bango a watan Yuni na 1968, a mujallar Avengers lamba ta 53, wadda Roy Thomas ya rubuta, John Buscema ya zana. Ana cikin faɗa a wani tsibiri, Magneto ya sake marin Kwaɗo a gaban mutane. Kwaɗo ya juya ya kunna na'urar da za ta tarwatsa tsibirin, ya shiga jirgi da tagwayen suka tashi. Jirgin nan kuwa babu ƙarfe a jikinsa, Magneto ne da kansa ya ƙera shi haka don ya nuna gwaninta, saboda haka ikonsa bai kama shi ba. Ya kai hannu ya kama gefen jirgi, Kwaɗo ya taka masa yatsu, ya faɗa teku. Wannan shafi yana cikin mafiya kyau da aka taɓa yi wa Kwaɗo, kuma a nan ya kamata labarinsa ya ɗauki wata hanya. Bara ya gane ubangidansa ba ya ƙaunarsa, ya yi abin da jarumai suka kasa. Amma marubuta ba su san abin da za su yi da 'yantaccen Kwaɗo ba.

Sai suka riƙa yawo da shi. A 1975 ya dawo da na'urorin da ya sato daga duniyar Stranger, ya yi shigar Stranger ɗin, ya kai wa Avengers hari, duk a kan son Wanda da ya ɗora wa kansa, ita kuwa ba ta taɓa kallonsa da wannan ido ba. A 1980 ya ci bashi ya ɗana tarkuna a wani tsohon gidan sarauta domin ya rama abin da aka yi masa, abin ya ƙare da mayar da gidan wurin wasan yara, shi ne mai kula. Kowane labari da dariya yake ƙarewa.

A wannan tsakani wani babban abu yana faruwa ga ubangidan. Mujallar X-Men ta daina kawo sabon labari a 1970 saboda rashin ciniki, sai a 1975 aka farfaɗo da ita, aka miƙa ta ga wani marubuci mai suna Chris Claremont, wanda ya riƙe ta har 1991. Claremont ya zauna ya tambayi kansa abin da zai sa mutum ya zama Magneto. Amsar da ya bayar ta fito a lamba ta 150, a 1981, inda aka ji cewa Magneto yana yaro aka kai shi sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka yi wa Yahudawa da wasu kisan ƙare-dangi, a zamanin nan kuma ya rasa danginsa. Ya ga abin da ake yi wa mutanen da aka ce sun bambanta, ya rantse ba za a maimaita a kan masu sauyin halitta ba. Wannan rubutu ne mai nauyi, shi ya mayar da Magneto ɗaya daga cikin fitattun mutanen labaran zane baki ɗaya, kuma babu mai ƙwace wa Claremont wannan yabo. Amma a wannan fitowa ɗaya, kafin ya yi nadama, Magneto ya nutsar da jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet mai suna Leningrad da duk sojojin da ke cikinsa, ya kuma tayar da dutse mai aman wuta a tsakiyar wani gari.

Yanzu sai a jera fitowa biyu na shekarar 1985 a duba. A watan Disamba, a lamba ta 200, an gurfanar da Magneto gaban kotun duniya a birnin Faris. Shari'ar ba ta kai ƙarshe ba, faɗa ya watsa ta. Xavier yana gab da mutuwa, za a tafi da shi jinya wata duniya, ya kama hannun tsohon abokin gabarsa ya damƙa masa makarantar da yaran da ke ciki. Mutumin da ya nutsar da jirgi da mutane ya zama shugaban makaranta. A watan Yuli na shekarar kuwa, a mujallar Amazing Spider-Man lamba ta 266, wadda Peter David ya rubuta, an ga Kwaɗo a kan wani dogon bene, ya fid da rai da duniya don ba shi da kowa, ya faɗo, Spider-Man ya tare shi. Domin ya kwantar masa da hankali ya ce shi abokinsa ne. Nan take Kwaɗo ya manne masa, ya ga sabon ubangida, har ya yi hayar 'yan daba su far wa Spider-Man don shi ya zo ya cece shi a san yana da amfani. Labarin barkwanci ne, kuma mai karatu zai yi dariya. Amma wanda ya ajiye mujallar ya yi tunani zai ga mutumin da bai san wata hanyar zama da mutane ba sai ta durƙuso, kuma kowa ya gan shi sai ya nemi yadda zai rabu da shi.

Ba a ce ba a ba shi tarihi ba. Daga baya an raɗa masa suna, Mortimer Toynbee, aka ce a birnin York na Ingila aka haife shi, iyayensa suka jefar da shi saboda kamanninsa, ya tashi a gidan marayu yara na tsangwamarsa, malamai suna ɗaukarsa dolo alhali hankalinsa daidai yake da na kowa. Magneto ne mutum na farko da ya ce masa zo. Wannan ya isa bayanin duk rawar jikinsa, kuma da an so, ya isa a gina masa labari kamar yadda aka gina wa ubangidansa. A 1991 an gwada ba shi shugabancin tasa ƙungiyar, ba ta yi ƙarko ba. A shekarar 2000 aka yi fim ɗin X-Men na farko, wanda Bryan Singer ya shirya. Aka ba Ian McKellen, gogaggen ɗan wasan dandalin Ingila, matsayin Magneto, da jawabai masu ratsa jiki. Kwaɗo kuwa aka ba Ray Park, gwanin faɗa da tsalle, aka ƙara masa dogon harshe da majina mai kama fuska, ya yi faɗa mai kyau a gunkin 'Yanci na New York, sa'an nan aka buga masa aradu ya faɗa ruwa. A 2001 mujallu suka bi sawun fim, suka ba shi harshen, suka miƙar da bayansa, suka ce gwaji aka yi a kansa yana jariri shi ya nakasa shi. An gyara jiki, ba a taɓa matsayi ba.

Wuri mafi ban tausayi ya zo a hannun marubuci Grant Morrison. Akwai wani tsibiri na ƙage a gabashin Afirka mai suna Genosha, wanda Claremont ya ƙago a 1988 yana nuni da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, inda ake bautar da masu sauyin halitta. A cikin labarin, Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa Magneto mulkin tsibirin a 1999. A 2001 wasu manyan mutum-mutumin ƙarfe suka far wa tsibirin, suka kashe masu sauyin halitta miliyan 16, aka ɗauka Magneto na ciki. Da 'yan X-Men suka koma kangon a fitowar 2002, wa za su tarar? Kwaɗo, da 'yan tsirarun da suka tsira, suna gina wa Magneto ƙaton gunki da tarkacen abin da ya kashe su. Mutumin da aka mara, aka yasar a wata duniya, shi ke ɗaukar ƙarfe a ka don kada a manta da wanda ya mare shi. A 2003 Magneto ya sake bayyana ya rusa birnin New York, Kwaɗo na gefensa yana faɗa masa gaskiyar cewa jama'a ba sa sauraronsa, ba a ji ba, a ƙarshe aka harbe Kwaɗo a gwiwoyi. Ba a daɗe ba kamfanin ya ga wannan ɓarna ta yi wa Magneto muni da yawa, sai a 2004 aka rubuta cewa ai ba shi ba ne, wani ne ya yi shigarsa. Laifin ubangida aka goge da alƙalami. Babu wanda ya ga bukatar rubuta cewa ba Kwaɗo ba ne ya tsaya a gefen.

A 2011 Jason Aaron ya fara wani sabon jeri inda jarumi Wolverine ya sake buɗe makarantar Westchester. A lokacin Magneto yana zaune cikin manyan X-Men ana shawara da shi. Kwaɗo ya roƙa a tafi da shi makarantar, aka yarda, aka ba shi aikin shara. Makarantar da aka taɓa ba ubangidansa ya shugabanta, ita aka ba shi ya share, yana bin bayan yara yana kwashe ɓarnarsu. Aaron ya rubuta shi da tausayi fiye da na gabaninsa, har ya sami wata malama mai suna Husk da ta kula shi. Da ta sauya sheƙa zuwa makarantar abokan gaba ya bi ta, daga baya ya juya ya taimaki yaran, amma duk da haka aka sallame shi. A cikin malaman da ɗaliban makarantar akwai waɗanda suka yi abin da ya fi nasa, ba a kore su ba.

Kada a ce Kwaɗo ba shi da laifi. Yana wurin lokacin da aka ɗana bom a Santo Marco, bai ce uffan ba. Ya yi shekaru yana bibiyar macen da ta ƙi shi, ya kai wa gidanta hari, ya nemi kashe mutane da dama. Maraici ba ya wanke wannan. Maganar ita ce mudun da aka auna wa ubangida ba shi aka auna wa bara ba. Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma marubutan Amurka, ba tare da sun taɓa jin karin maganar ba, sun yi shekara 60 suna aiki da ita. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Magneto dogo ne, mai farin gashi, mai alkyabba, mai iya magana, laifinsa kuma babba ne, irin wanda ake rubuta wa jawabi. Mai karatu yakan so ya ga kansa a cikin irin wannan mutum. Babu mai son ganin kansa a cikin wanda ke rawar jiki gaban babba, ko da yake masu wannan hali sun fi masu halin Magneto yawa a kowane ofis da kowace fada. Akwai kuma dalilin kasuwa. Labarin da ake sayarwa wata-wata ba a son ya ƙare, kowane mutum a cikinsa sai an mayar da shi inda masu saye suka san shi, babban mugu kuma yana bukatar wanda zai daka wa tsawa domin a san babba ne. Ƙasar da ake buga mujallun ma ta san wannan mudu a zahiri. A 1945 Amurka ta ɗauko Wernher von Braun, wanda ya ƙera wa Hitler makamai masu linzami a masana'antar da fursunoni ke mutuwa cikin aikin dole, ta ba shi aiki, har ya jagoranci ƙera roket ɗin da ya kai mutum duniyar wata a 1969. A 2004 kuma, da asirin azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi ya tonu, ƙananan sojoji ne suka tafi kurkuku.

A 2019 Jonathan Hickman ya sake fasalin labarin gaba ɗaya. Masu sauyin halitta suka kafa ƙasarsu a wani tsibiri mai rai da ake kira Krakoa, aka yi wa kowa afuwa, har miyagun da suka fi kowa jini a hannu aka ba su kujeru a majalisar mutum 12 da ke mulkin ƙasar. Magneto na cikin manyanta. Kwaɗo ya bayyana tun a fitowar farko, an aike shi satar bayanai daga kwamfuta domin amfanin sabuwar ƙasa, ya kuma yi aikin. Ƙasar ba ta da gidan yari, sai wani rami mai zurfi da ake jefa mai babban laifi, ya zauna a can da ransa, ba motsi. A 2021 aka tsinci gawar Wanda bayan wani babban biki, aka zargi Magneto, aka yi jerin fitowa biyar da Leah Williams ta rubuta a kan shari'arsa. Ashe Wanda ce ta shirya mutuwarta da saninsa, domin wani aikin sihiri da zai amfani masu sauyin halitta, kuma ta dawo da ranta. Amma majalisa na bukatar wanda za ta hukunta, asirin kuwa ba a son ya tonu. Aka kawo Kwaɗo, aka ajiye shaida a kansa, shi kuma bai musa ba, ya ce domin Magneto ya yi. Aka jefa shi ramin, Magneto yana zaune a kujerarsa ta majalisa yana kallo.